Hukuncin Kiyashi

Sunana Wasila, kitso ne sana'ata, gida-gida nake bi a nan Likoro. Abin da zan faɗa a gaban idona aka yi shi, wanda ransa zai ɓaci kuwa sai ya ɓaci. Nawa ya daɗe da ɓaci.

Ina cikin yi wa Rahmatu matar Tukur kitso a ƙofar ɗakinta, kanta a kan cinyata, jaririyarta Rumaisa tana barci a gefen tabarma, sai ta ɗago hannun dama ta ce, "Gwaggo, don Allah duba min nan."

Na duba. Tsokar gindin babban yatsanta ce take motsi ita kaɗai. Ta harba, ta tsaya, ta sake harbawa.

Na ce, "Ke dai da tsoro! Gajiya ce. Ni da nake wuni riƙe da kibiyar kitso har a dantse nake jin irinsa. Sunkuyo mu gama."

Ta ce, "Haka na Baba ya fara."

Na dakata da kitson, don na san yadda mahaifinta, Malam Sada na Malikanchi, ya ƙare. Tsokar hannunsa ce ta fara rawa, daga nan fartanya ta gagare shi, sannan cokali, sannan magana. A ƙarshe ko ruwa ba ya iya haɗiyewa, alhali hankalinsa garau, yana kallon kowa. Likitoci a Zariya suka ce ciwo ne da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka, kuma ba a warkewa. Rahmatu ce ta yi jinyarsa tana budurwa, ita ke goge masa yawu.

Daga ranar yarinyar nan ba ta ƙara samun sukuni ba. Ta yi sakandare, tana da 'yar wayarta, kuma ta riƙe sunan ciwon na Turanci. Da ta samu sarari sai ta rubuta shi ta hau karatu, ita kuwa waya ba ta taɓa ce mata ki kwantar da hankalinki ba. Duk abin da ta karanta sai ta same shi a jikinta kafin magariba. Rawar ta bar yatsa ta koma sha-raɓa, ta koma fatar ido, ta koma cinya. In na shiga gidan sai in tarar tana ɗaga bokitin ruwa da yatsu biyu, ko tana tafiya a kan dunduniya daga madafa zuwa rijiya, ko ta tasa madubi a gaba ta zaro harshe tana dubawa. Wani lokacin sai ta karanta Fatiha da ƙarfi ta ce, "Gwaggo, tsakaninki da Allah, ba ki ji harshena ya yi nauyi ba?"

Ni dai ban ji ba. Abin da na gani shi ne aiki. Lokacin saran rake ne, Tukur yana da fadama, ya tara 'yan ƙwadago masu sara da masu dafa mazarƙwaila, kuma abincinsu duk daga tukunyar Rahmatu yake fita. Ita ce surfe, ita ce daka, ita ce jan ruwa, ga goyon da bai kai wata shida ba. Ko namiji aka ba wannan aikin sai naman jikinsa ya yi rawa.

A gabana ta roƙi mijin. Ya shigo ɗaukar kwanonin abincin rana, ta durƙusa ta ce, "Malam, don Allah ka bar ni in je asibiti a duba ni."

Ya ce, "Ina ke miki ciwo?"

"Ba ciwo yake ba. Rawa yake yi."

"Rawa!" Ya yi dariya ya dube ni. "Gwaggo, kin ji fa. Wa ya daka dawar nan yau? Ba ita ba? To, wadda ta cika turmi ta sauke ita ce za ta ce hannu ya mutu? Ki bari a gama rake, zan kai ki da kaina."

Na ce, "Tukur, ko don hankalinta ya kwanta, wuni ɗaya ne fa."

Ya ce, "Wunin nan wa zai ciyar da mutane? In sha Allahu ba komai." Ya kwashi kwanoni ya fita.

Uwarsa, Inna Ummulhairi, ita ke riƙe da gidan, kuma tana zaune a inuwa tana jinmu. Ta ce, "Kada in ƙara jin maganar ciwon gado a gidan nan. Ki je Zariya a san ki da shi, gobe gari ya ɗauka zuri'ar Tukur tana da tabo, wa zai nemi 'ya'yansa? Waswasi ne kawai. Ki ajiye wayar nan ki yawaita istigfari."

Rahmatu ta yi istigfari har bakinta ya bushe, tsokar ba ta daina ba. Abinci ya fita ranta, ta rame, ido ya faɗa. Mutuwar ma ba ita ta fi damunta ba. Ta ce min, "Gwaggo, Baba fa jikansa ya faɗi a gabansa yana kuka, ya kasa miƙa hannu ya ɗaga shi. In na kai haka wa zai riƙe yarinyar nan?" Yarinyar nan take cewa, ba ta kiran sunan, don 'yar fari ce, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari a wajenmu.

Wata safiya na je yi wa Inna tsifa. Rahmatu tana gefe tana ba da nono, sai na ga ta zuba wa jaririyar ido, ta daɗe. Can ta ce, "Inna, don Allah in tambaye ki. Irin wannan ciwon, yana bi ta nono?"

Wayyo, da na iya kama maganar nan a iska da na kama ta. Tambaya ta yi irin ta mai jin tsoro, tana so babba ya ce mata a'a. Amma Inna sai ta ture hannuna ta miƙe zaune.

"Au, ashe kin san nononki ba lafiya kike ɗura wa jikata?"

"A'a, Inna, ban sani ba, tambaya nake."

"To, yanzu za mu sani. Miƙo ludayi."

Ta sa ta tatsa a ciki. Gidan da ake ajiye mazarƙwaila ba ya rasa kiyashi, ta je gindin buhu ta tsinto 'yan kaɗan ta zuba a nonon. Haka tsofaffi suke gwaji: in kiyashi ya yi iyo ya fita, nono mai kyau ne, in ya mutu a ciki, mugun nono ne. Muka tsaya a kan ludayi mu uku kamar masu jiran alƙali. Suka yi ta wutsil-wutsil, ɗaya ya kama gefe ya zame, daga nan duk suka yi shiru.

Inna ta ce, "Inna lillahi! Kin gani da idonki."

Na ce, "Haba, Yaya! Kiyashi ko a ruwan randa kika jefa shi ai nutsewa zai yi. Ku kai ta asibiti mana a gwada da gaske."

Ta ce, "Wasila, da wannan gwajin aka raini uwarki, aka raine ki. Kitso kika zo yi ko shari'a?"

Ta sa hannu ta cire yarinyar daga ƙirjin uwarta, nono yana zuba a bakinta. Abin da ya fi ci min rai shi ne Rahmatu ba ta riƙe ba. Ta saki, tana kallon ludayin, tana cewa, "Na shiga uku, ashe guba nake ba ta." Tsoro ya riga ya cinye ta, duk abin da aka ce mata na sharri gaskatawa take yi.

Da Tukur ya dawo aka gaya masa, cewa ya yi, "Abin da Inna ta gani ai shi ne. Gara a yi rigakafi."

Na tare shi a zaure na ce, "Tsaya, Tukur. Jiya ka ce lafiyarta ƙalau, ba ta buƙatar asibiti. Yau kuma ciwon ya kai a raba ta da 'yarta? Wanne ne a ciki?"

Ya sosa ƙeya ya ce, "Gwaggo, harkar mata ce, ni ba na shiga."

Aka koma da Rumaisa ɗakin Inna, ana ɗura mata koko da nonon akuya a wata tsohuwar kwalbar fida ta jarirai da ƙudaje ba sa tashi a kanta. Yarinya ta yi ta tsala kuka, da ta ji motsin uwar a tsakar gida sai ta ƙara. Rahmatu tana daka, gaban rigarta ya jiƙe sharkaf, ƙirji ya kumbura ya yi tauri, zazzaɓi ya rufe ta har haƙoranta suna haɗuwa. Inna ta nuna ta da baki ta ce, "Kun gani ko? Ga ciwon nan yana fitowa. Allah ya sa mun farga da wuri."

Da kukan ya ishe su, sai Inna ta ce ganin uwar ne yake hana yarinya haƙura, ta sa aka kai ta Makarfi wajen 'yarta Khairiyya, ƙanwar Tukur. Rahmatu tana tsaye a bakin madafa aka fita da ita. Wata uwar sai ta kwanta a ƙofar gida ta ce sai dai a taka ta. Amma 'yar fari ce. In ta buɗe baki ta ce a bar mata 'yarta, kafin la'asar unguwa ta ɗauka matar Tukur ba ta da kunya. Ta juya ta shiga madafa, ta tusa kai cikin hayaƙi don a ce shi ya sa ta hawaye.

Ni kam na kasa barin maganar. Na nemi lambar yayanta Zayyad, malamin makaranta ne a Ikara, na zayyane masa komai. Ya zo ranar hutunsa, Tukur ya karɓe shi da fara'a, ya shimfiɗa masa darduma, ya ce wallahi yana nan da niyya, injin matse rake ne ya lalace, a ba shi sati. Sati ya wuce, ya ce masu sayen mazarƙwaila sun zo daga Kano. Wani satin ya ce babur ba lafiya. Duk lokacin nan in Rahmatu ta kira Khairiyya, tana kewaye-kewaye ta ce, "Ya mutanen gidan?" sai a ce mata duk lafiya, yarinya ce dai take ɗan zawo, haƙori ne.

Da Zayyad ya dawo karo na biyu, da mota ya zo, ya tsaya a ƙofar gida bai zauna ba. Ya ce, "Tukur, yau zan kai ƙanwata asibiti. Ka amince mu tafi da mutunci."

Tukur ya ce, "Subhanallahi, ai ni ban taɓa hana ta ba."

Ni na raka ta. A babban asibiti a Zariya muka wuni a layi kafin mu ga likitan jijiya. Ya sa ta matse yatsunsa, ta ture hannunsa, ta taka a kan yatsu, ta taka a kan dunduniya. Ya ƙwanƙwasa gwiwarta da 'yar guduma, ya duba harshe, ya tambayi yadda ciwon mahaifinta ya tafi, ya tura aka ɗibi jini. Da muka koma ya ce, "Malama, ban ga alamar wannan ciwon a jikinki ba. Ƙarfinki yana nan, tsokarki ba ta zube ba. Gajiya da rashin barci da damuwa suna sa tsoka rawa, ga shi kuma jininki ya yi ƙasa. Akwai kaɗan da ake gadonsa, shi ya sa nake so ki dawo mu sake dubawa, amma yawanci ba gado ba ne."

Can ta ce, "Likita, nono fa?"

"Nono kuma?"

"Yana bi ta nono?"

"Ko da kina da shi, ba ya bi ta nono. Kina shayarwa ne? Ki ci gaba abinki."

Ban taɓa ganin albishir ya yi wa mutum irin wannan dukan ba. Ta dafe ƙirji ta miƙe, ko sallama ba ta yi wa likitan ba. A bakin mota ta ce, "Yaya, ba gida za mu ba. Makarfi."

Khairiyya ta fito tana murmushin da bai kai ciki ba, ta ce ai da ma tana shirin kira. Ta ɗauko yarinyar daga ɗaki. Wallahi da a hanya na gan ta ba zan gane ta ba. Wuya ya saki, ido ya shige, maɗiga ta faɗa, fatar ciki in ka ja sai ta tsaya. Ko kuka ba ta iya yi, sai baki da take buɗewa. Khairiyya ta ce, "Haƙori ne. Inna ta ce kada a kai ta a yi mata allura, allura ba ta jituwa da haƙori. Muna ba ta jiƙo."

Rahmatu ta fizge ta. Ranar kunya ta ƙare, a tsakiyar gidan mutane ta yi ta kira, "Rumaisa! Rumaisa, ni ce, dube ni!"

Muka ruga asibitin garin. Ma'aikatan suka yi ta neman jijiya a hannu, a ƙafa, da ƙyar suka samu a ka, suka sa ruwa. Wata nas ta ce, "Ke ce uwar? Sa ta a nono, ko kaɗan ta samu zai taimaka."

Ta zauna a bakin gado ta sa ta. Yarinyar ta kama, ta ja, ta sake ja, ta saki. Rahmatu ta juya ta ɗaya ɓangaren. Ta matsa da hannu, ta matsa har fatar ta yi ja, ko ɗigo bai fito ba. Ya riga ya ƙafe. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Gwaggo, babu." Nas ta ce a ci gaba da gwadawa, yakan dawo in an jure. Ta jure, amma yarinyar ba ta da sauran kwanakin jira. Washegari bayan la'asar Allah ya karɓi abarsa.

A zaman makoki tsakar gidan Tukur ta cika da mata. Rahmatu tana ƙuryar tabarma, ta ja mayafi ta rufe fuska. Wata tsohuwa daga Kudan ta yi gaisuwa, ta ce, "Allah ya sa mai ceto ce. Ashe an cire ta daga nono tun da wuri haka?"

Inna Ummulhairi ta ja carbi ta yi ajiyar zuciya. Ta ce, "To, ya za mu yi? Uwar ce ta sa wa ranta tana da ciwo. Ita da bakinta ta ce nononta ba kyau. Mu kuwa tun farko muka ce mata waswasi ne, ba ta ji ba. Ga shi likita ma ya faɗi abin da muka faɗa."

Mata suka yi ta gyaɗa kai, ana cewa yaran yanzu da waya sai addu'a.

Na miƙe tsaye. Na ce, "Yaya, ki ji tsoron Allah! Tambaya ta yi. Wa ya kawo ludayi? Wa ya tsinto kiyashi? Wa ya cire yarinyar daga ƙirjinta? Ina wajen!"

Aka yi min caa. Wasila, gidan makoki ne. Wasila, kwana ne ya ƙare. Wasila, kina jayayya da ƙaddara ne? Tukur ya leƙo daga zaure ya ce, "Gwaggo, don Allah a yi haƙuri, kowa da ranarsa." Wata ta ja hannuna har waje.

Na yarda da ƙaddara, ni ma Musulma ce. Amma ba ƙaddara ce ta ce a bari a gama rake ba. Wuni ɗaya yarinyar nan ta roƙa, a kai ta gaban wanda ya sani ya ce mata ba komai. Suka ce lafiyarta ta fi ƙarfin asibiti, suka juya suka ce ciwonta ya fi ƙarfin goyo. Likita bai isa a je wajensa ba, amma kiyashi ya isa ya yanke hukunci. Da abin ya ɓaci kuma, kowa ya wanke hannunsa tas, suka tattara laifin suka ɗora wa wadda ba ta da bakin musu. An gama rake, an sayar da mazarƙwaila, Tukur ya sake fentin zaure. Ba wanda ya taɓa ce mata yi haƙuri, mun yi kuskure.

Inna ta daina kirana kitso, amma in ta tafi unguwa nakan leƙa. Na ce wa Rahmatu, "'Yar nan, ki cire wannan daga ranki, ba ke ba ce."

Ta ce, "Inna ba ta yi ƙarya ba, Gwaggo. Ni na tambaya. Da na yi shiru da tana nan."

Shekaranjiya na sake shiga. Tana da tsohon ciki yanzu. Na tarar da ita zaune a gindin turmi ta dafe kai da hannu biyu, fuska ta kumbura, ƙafafu sun yi suntum har silifa ba ya shiga. Na yi sallama ta ɗago tana lalube na da ido, kamar ba ta gani sosai. Na ce, "Rahmatu, tun yaushe kike haka? Wannan ba abin zama ba ne. Kin gaya wa Tukur? Tashi, ko in kira Zayyad yanzu."

Ta kama zanina da sauri, ta waiga ɗakin Inna, ta sassauta murya.

"Don Allah, Gwaggo, kada ki gaya wa kowa. Lafiyata ƙalau."

Ta dafa turmi ta miƙe, ta ɗauki taɓarya.